Shari'ar Fitilar Arco: Yadda Kwaikwayon Fitila Ɗaya Ya Kai Italiya Gaban Kotun Turai

Ranar 23 ga Nuwamba 2006 kamfanin Flos, mai ƙera fitilu a arewacin Italiya, ya maka wani kamfanin sayar da kayan ɗaki mai suna Semeraro Casa e Famiglia a kotun birnin Milan. Fitila guda ɗaya ce ta haɗa su. Semeraro yana shigo da wata fitilar tsaye daga ƙasar Sin yana sayarwa a shagunansa da sunan Fluida. Flos kuwa ya ce wannan Arco ce, fitilar da yake ƙerawa tun 1962, an kwafe ta daga gindi har kai, suna kawai aka canza mata. Sai da aka kwashe kusan shekara shida ana kai ruwa rana. Magana ta tashi daga Milan ta je Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambag ta dawo, kuma daga baya har Birtaniya, wadda babu ruwanta da rigimar, ta soke wani sashe na dokarta saboda hukuncin da aka yanke.

Arco ta fito ne daga wata ƙaramar matsala da duk mai zaman haya ya san irinta. A gidajen Turai fitilar ɗaki tana rataye ne a inda mai gini ya fitar da waya daga silin, yawanci a tsakiyar ɗaki. Idan kana son haske ya sauka a kan teburin cin abinci, dole teburin ya bi fitilar, ko kuma ka kira mai gyara ya huda silin ya ja sabuwar waya, abin da mai gida ba lallai ya yarda ba. Fitilar tsaye da ake ajiyewa a ƙasa kuma haskenta daga gefe yake zuwa, ga shi tana tare hanya. 'Yan'uwa biyu na Milan, Pier Giacomo Castiglioni da ƙanensa Achille, suka ce me zai hana a sami haske daga sama ba tare da an taɓa silin ba? Amsar tana kan titi, a fitilun gefen hanya: sanda tana tsaye a gefe, ta lanƙwasa wuya, haske yana zuba a tsakiyar kwalta. Suka shigo da wannan dabara cikin falo.

Duk wanda ya tsaya ya dubi Arco da kyau zai ga babu wani abu a jikinta da aka sa don ado kawai. Gindinta dunƙulen farin dutsen mabul ne na Carrara, wurin da shahararren mai sassaƙa Michelangelo ya riƙa ɗauko dutsen sassaƙarsa, nauyinsa ya kai kilo 65. Dole ya yi wannan nauyi, domin kan fitilar yana can nesa da shi kimanin mita 2, in gindin bai danne ba za ta kifa. Sun fara tunanin zuba siminti, sai suka ga mabul ya fi shi nauyi idan girmansu ɗaya, wato zai ci wuri kaɗan, kuma a Italiyar wancan lokaci ba shi da tsadar da za ta hana. An daddatse kusurwoyin dutsen don kada su yanki ƙafar mai wucewa. Akwai rami da ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, wanda baƙo zai ɗauka kwalliya ce, alhali an yi shi ne don a zura sandar tsintsiya mutum biyu su kama su ɗaga. Wannan rami ya fi komai burge ni a fitilar, domin yana nuna cewa masu zanen sun yi tunanin ranar da za a yi shara ko a tashi daga gida, sun tuna da bayan mutanen da za su yi dakon kilo 65.

Daga dutsen sanda take miƙewa, sai baka na ƙarfen da ba ya tsatsa. Bakan gida uku ne masu shiga cikin juna, ana iya ja ko turawa don a ƙara nisa ko a rage, kuma ƙarfen kamar kwata yake, buɗe ta ƙasa, a ciki wayar wuta take ɓoye. Tsayinsa ya wuce mita 2, don haka mai ɗauke da faranti zai ratsa ta ƙarƙashinsa tsakanin tebur da dutse ba tare da ya sunkuya ba. Kan fitilar na alminiyam ne, an huhhuda samansa don zafin ƙwai ya fita, ɗan haske kuma ya haska silin, sannan akwai zobe da ake juyawa a karkata hasken inda ake so.

Masu wannan aiki 'ya'yan wani mai sassaƙa ne, Giannino Castiglioni. Su uku ne suka karanta zanen gine-gine a jami'ar Politecnico ta Milan: Livio babbansu, sai Pier Giacomo da aka haifa a 1913, sai Achille a 1918, wanda ya kammala karatu a 1944 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kamar sauran tsararrakinsu, sun fi samun aiki a ƙananan abubuwa, rediyo, cokula, kujeru, fitilu da shirya rumfunan baje koli. Lokacin ma ya zo musu daidai. Daga ƙarshen shekarun 1950 tattalin arzikin Italiya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, mutane suna ta komawa sababbin gidaje a birane, ga kuma yankin Brianza a arewacin Milan cike da ƙananan masana'antu na iyali, inda mai kamfani da kansa yake zama da mai zane a gwada abu a ɓata a sake. A 1954 kantin La Rinascente ya ƙirƙiro lambar yabo ta Compasso d'Oro don kayan masana'anta masu kyan ƙira, a 1961 kuma aka buɗe baje kolin kayan ɗaki na Milan, Salone del Mobile.

Akwai wata ɗabi'a ta 'yan'uwan nan da ya kamata a riƙe, domin za ta dawo a maganar shari'a. Ba sa jin kunyar aro. A 1957 sun ɗauki mazaunin tarakta suka ɗora a kan lanƙwasasshen ƙarfe ya zama kujerar Mezzadro, wadda sai a 1971 kamfanin Zanotta ya yi ƙarfin halin fitar da ita kasuwa. A shekarar dai suka yi Sella da sirdin keke, don mai amsa wayar tarho a tsaye ya ɗan dangana. Fitilar Toio, wadda ta fito shekara ɗaya da Arco, kanta fitilar mota ce mai wat 300, wayarta tana bin zobba irin na sandar kamun kifi, tiransifomarta kuma a fili take a ƙasa tana danne gindi. Achille ya shafe rayuwarsa yana tara almakasai, guduma da sauran kayan da ba a san wanda ya ƙirƙire su ba, yana kai wa ɗalibansa aji. Ofishinsu na Piazza Castello a Milan daga baya ya zama gidan tarihi.

Shi kansa Flos sabon kamfani ne a lokacin. An kafa shi a garin Merano a 1962. Dino Gavina na Bologna da Cesare Cassina, mai masana'antar kujeru a Meda, su suka haɗa kai da Arturo Eisenkeil, wanda ke da wata robar feshi da sojojin Amurka suke lulluɓe kayan yaƙi da ita idan za a adana su. Ana fesa ta a kan ƙarafa ta bushe kamar yanar gizo-gizo, kuma da ita aka yi fitilun farko irin su Taraxacum da Viscontea. A 1964 Sergio Gandini ya karɓi ragama, kamfanin ya koma yankin Brescia. Pier Giacomo ya rasu a 1968, Achille ya ci gaba shi kaɗai har 2002. Duk tsawon wannan lokaci Flos bai daina ƙera Arco ba, ta shiga gidan tarihin fasahar zamani na New York, ta zama abin da ake gani a mujallu da finafinai. Farin jinin nan ne ya jawo masu kwaikwayo.

Kuma a gaskiya doka ba ta hana su ba. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Italiya, mai lamba 633 ta 1941, tana kare littafi da waƙa da zane da sassaƙa. Abin da aka yi don amfani kuwa, ba ta kare shi sai in za a iya raba fasaharsa da amfaninsa. Zanen da aka buga a jikin faranti yana iya samun kariya, domin ana iya tunaninsa ba tare da farantin ba. To ta yaya za a raba kyan Arco da aikinta, alhali kyan nata shi ne aikin? Abin da ya sa ta yi fice shi ya hana ta kariya. Hanya ɗaya da ta rage ita ce rajistar fasali, mai ɗan gajeren wa'adi, wanda ko da an yi ta a 1962 da tuni ta ƙare. Saboda haka shekara da shekaru masana'antu da dama a cikin Italiyar kanta suna cin abinci da kwafar sanannun kujeru da fitilu a bainar jama'a, suna biyan haraji, suna ɗaukar ma'aikata.

Canji ya zo daga Tarayyar Turai. A 1998 ta fitar da umarni mai lamba 98/71 kan kare fasalin kaya, wanda sashensa na 17 ya ce fasalin da aka yi wa rajista yana iya samun kariyar haƙƙin mallakar fasaha a lokaci guda. Italiya ta gyara dokarta, daga ranar 19 ga Afrilu 2001 kayan masana'anta suka shiga cikin abin da ake karewa, da sharaɗin su kasance da ƙirƙira da kuma darajar fasaha. Wa'adin irin wannan kariya kuwa shekara 70 ne bayan mutuwar mai aikin. Rana ɗaya abin da yake halal jiya ya zama laifi. Masu kwaikwayo suka yi kuka, gwamnati ta saurare su, ta ba duk wanda ya riga ya fara sana'ar kafin wannan rana rangwamen shekara 10. A 2007, ana cikin shari'ar Flos, aka sake gyara dokar ta yadda duk fasalin da ya riga ya zama na kowa kafin 2001 ba zai taɓa samun kariya ba.

A cikin wannan ruɗani aka yi shari'ar. Alƙalin da ya saurari buƙatar gaggawa ya gamsu cewa Arco ta cika sharaɗin darajar fasaha, kuma Fluida ta kwafe kamanninta kaf ba tare da ta ƙara komai nata ba. Ranar 29 ga Disamba 2006 ya ba da umarnin a kama fitilun Semeraro, a kuma daina sayar da su. Ƙungiyar masu ƙera fitilu ta Italiya, Assoluce, ta shiga shari'ar tana goyon bayan Flos. Hujjar Semeraro ba ta dogara da musun kamanni ba. Cewa ya yi Arco ta daɗe da zama ta kowa, kuma dokar ƙasa da kanta ta ba shi dama. Da kotun Milan ta ga dokar Italiya tana faɗin wani abu, umarnin Turai yana faɗin wani, sai ta dakata a 2009 ta miƙa tambaya Luksambag.

Ranar 27 ga Janairu 2011 aka yanke hukunci a shari'a mai lamba C-168/09. Kotun Turai ta ce ƙasa ba ta da ikon hana kariyar haƙƙin mallakar fasaha ga fasalin da aka taɓa yi wa rajista don kawai wa'adin rajistar ya ƙare, muddin ya cika sharuɗɗa. Ta yarda cewa wanda ya zuba jari da zuciya ɗaya ya cancanci a ba shi lokaci ya sayar da abin da ke rumbunsa ya sake sana'a, amma ta ce shekara 10 ta yi yawa, balle a ce har abada. Sai dai akwai wata gaɓa da masu murna suka tsallake. Sashe na 17 yana magana ne a kan fasalin da aka yi wa rajista, kotun kuma ta faɗa ƙarara cewa wanda ba a taɓa yi wa rajista ba baya cikinsa. Da ta tsaya nan, da Flos ya koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ta ƙara da cewa irin wannan fasali yana iya samun kariya ta wata ƙofar, wato umarnin 2001/29 na haƙƙin mallakar fasaha gaba ɗaya. Wannan jimla guda ita ce ta fi duk sauran hukuncin tasiri, domin ta nuna cewa Tarayyar Turai tana ganin kujera da fitila suna iya zama aiki irin na littafi. Magana ta koma Milan, a 2012 kotun ta tabbatar wa Flos gaskiyarsa.

Birtaniya ce ta fi jin girgizar. Sashe na 52 na dokarta ta 1988 ya taƙaita kariyar duk aikin fasaha da ake ƙerawa da yawa zuwa shekara 25, shi ya sa ƙasar ta zama matattarar masu sayar da kwafin sanannun kayan ɗaki, har mutanen wasu ƙasashen Turai suna oda daga can. Majalisa ta soke sashen a dokar 2013, sokewar ta fara aiki ranar 28 ga Yuli 2016, aka ba 'yan kasuwa wata shida su rabu da kayansu.

A ganina Flos yana da gaskiya a kan Semeraro. Shi ya ɗauki kasada a 1962 lokacin da babu wanda ya san ko wani zai sayi dutse mai kilo 65 ya ajiye a falo. Shi ya riƙe fitilar a shekarun da ba a yayinta. Wanda ya zo bayan shekara 44 ya aika hoto wata masana'anta ya ce a yi masa dubu, cin gumin wani ya yi. Mu ma mun san kwaikwayo a nan, uwar amarya ta buɗe waya ta nuna wa kafinta hoton gado ta ce a yi mata irinsa sak, amma kafintan da ya yi gado ɗaya da hannunsa a layin kafintoci daban yake da mai cika kwantena. Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi a yawancin kwafin Arco da ke yawo: suna ɗaukar siffa su zubar da dalili. A rage nauyin dutse don sauƙin jigila, fitila ta riƙa rawa. A sa bututu a maimakon ƙarfe mai kwata. Wani ma ya toshe ramin ko ya mayar da shi ɗan ƙaramin da sanda ba za ta shiga ba, domin bai san amfaninsa ba.

Inda na rabu da masu murna shi ne wa'adi. Achille ya rasu a 2002, ke nan Arco tana cikin kariya har ƙarshen 2072, shekara 110 bayan an zana ta. Maganin da ke ceton rai shekara 20 ake ba mai shi. Fasalin da aka yi wa rajista a Turai ba ya wuce 25. Da wuya a gamsar da ni cewa fitila ta fi su cancanta. Kuma wa aka kare? Mutanen da suka ɗauko dabara daga fitilar titi, suka ɗauko mazauni daga tarakta, suka ɗauko sirdi daga keke. Da kowane mai ƙera abu yana da katangar shekara 70 bayan mutuwarsa, anya 'yan'uwan nan za su yi aikin da suka yi? Yau sabuwar Arco ta haura Yuro 2,000. Mai zaman haya da ba ya iya huda silin, wanda matsalarsa ce ta haifi fitilar, shi ne na ƙarshe da zai iya sayenta. Doka ba ta hana kowa yin fitila mai lanƙwasa ba, dabarar ta kowa ce, siffar Arco ce kaɗai aka killace. Amma ƙaramin mai sana'a ba shi da kuɗin lauyan da zai gwada masa inda iyakar take, don haka yakan ja da baya tun daga nesa.

Akwai kuma matsalar yadda alƙalan Italiya suke auna darajar fasaha. Tun da alƙali ba zai ce abu ya burge shi ko bai burge shi ba, sai su nemi shaida daga waje: an taɓa baje shi a gidan tarihi, ya ci lambar yabo, masana sun yi rubutu a kansa? Arco ta haye cikin sauƙi. Matashiyar da ta fitar da kujerarta ta farko bana, wadda kwaikwayo zai iya kashe mata kasuwa kafin ta mayar da jarinta, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu. Wato kariya mafi tsawo tana zuwa ne ga wanda ya riga ya yi suna ya yi kuɗi. Arco ɗin kanta da a 1963 aka kwafe ta, da wannan ma'auni bai cece ta ba.

Kotun Turai ta sake taɓa wannan batu ranar 12 ga Satumba 2019, a shari'ar kamfanin tufafi na Portugal mai suna Cofemel da kamfanin G-Star, inda aka yi jayayya a kan wanduna da riguna. Ta ce ƙasashe ba su da damar gindaya sharaɗin kyau ko burgewa. Abin dubawa kawai shi ne ko aikin na mai shi ne, ya fito daga zaɓin kansa, ba larurar aiki ce ta tilasta siffar ba. Wannan ya buɗe wa sababbin masu zane ƙofa, amma ya ta da wata tambaya mai wuya ga kaya irin Arco, domin masu ita da bakinsu suka riƙa bayyana cewa nauyin dutsen, da ramin, da datsattsun kusurwoyin duk buƙata ce ta kawo su. Lauyan Flos dole ya nuna cewa a cikin hanyoyi da yawa na biyan waɗannan buƙatu, 'yan'uwan sun zaɓi tasu. Ina ganin zai iya, domin akwai fitilu masu lanƙwasa barkatai da suke aiki ɗaya da Arco ba su kuma yi kama da ita ba. Italiya dai ba ta yi gaggawar goge sharaɗin darajar fasaha daga dokarta ba bayan wannan hukunci, kuma lauyoyin Milan sun ci gaba da jayayya a kan ko har yanzu yana da ƙarfi a gaban kotu.